Zulkifilu Mai Rediyo da Faifan da Ya Ƙi Rabuwa

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Jega Firchin da hantsi ya san tafiyar Malam Zulkifilu. Ba ya sauri, ba ya tsayawa doguwar gaisuwa, jakar fata a hammata, tabarau rataye a wuya da zaren da matarsa Uwani ta ƙulla masa don ta gaji da taya shi nema. In ya isa shagonsa da ke bayan tasha, sai ya share, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya cika randar da ke lungu, sannan ya zauna ya duba abin da aka kawo jiya. Ba ya kunna na'ura kai tsaye. Sai ya juya ta, ya shinshina bayanta, ya ɗora tafin hannu, in ya kunna kuma ya kara kunne ya yi shiru. Masu shayin tasha sun daɗe suna yi masa tsiya a kan wannan, wai boka ne ya yi ɓatan kai ya faɗa sana'ar Turawa. Shi dai murmushi ne nasa.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ƙananan kusoshin da ya yi fiye da shekara arba'in yana kwancewa yanzu guje masa suke yi. Na san garinmu, ba wanda zai kafa rumfa ya kira makaɗa saboda mai gyara ya huta. Abin yana ɓata mini rai, shi ya sa na ce ko ba komai a rubuta.

Har yau Mai Rediyo ake ce masa, alhali rabonsa da gyaran rediyo an manta. Da ita ya fara. Bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi, kwamfutoci suka fara shigowa ofisoshi, daga nan suka gangaro shagunan buga takardu na Jega. In ɗaya ta lalace, sai a naɗe ta a kai Kaduna, a yi wata biyu ana jira. Zulkifilu ya riƙa karɓar matattun da aka fid da rai da su, yana buɗewa, ga wani tsohon littafi da bangonsa ya cire a gefe, ga ƙamus a ɗaya gefen. Turancinsa na firamare ne, amma naci ya fi ƙarfin Turanci. Malaman Maiyama suna tuna shekarar da na'urar buga jarrabawa ta tsaya saura kwana biyu a zauna, ya hau bayan a-kori-kura ya je ya tashe ta. Wannan da irinsa suna da yawa. Amma akwai guda ɗaya da waɗanda suka gani ba sa ba da labarinsa sai murya ta canza.

Da bazarar shekarar dubu biyu ne. Mota ta tsaya a ƙofar shago, direbanta Audu ya zagayo ya buɗe. Wata mata ta fito rungume da kwamfuta naɗe cikin sabon mayafi, ta ƙi yarda kowa ya karɓa. Malama Zaituna ce, malamar makaranta a Maiyama, 'yar Malam Attahiru maɗorin Aliero. Bayanta ƙanenta Sagir, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana tafe kai a sunkuye.

"Malama, sannu da hanya. Mi yas same ta?" in ji Zulkifilu.

"Malam, maganar babanmu ta ciki," ta ce. "Duka. In ta tahi, ba mu da wata."

Sai da ya ba ta kujera da ruwa sannan labarin ya fito a jere. Malam Attahiru ya yi shekara hamsin yana ɗori, abin da ya gada daga mahaifinsa, kuma bai taɓa rubuta komai ba. Da ya ga ƙarfi yana raguwa, sai ya yarda Zaituna ta riƙa zuwa duk ƙarshen mako, yana faɗa tana bugawa a kwamfutar da mijinta ya sayo mata. Yadda ake gane karaya da taɓawa, yadda ake ɗaure kara, addu'ar da ake yi, da irin raunin da ba a taɓawa sai a ce a tafi asibiti. Shekara biyu suna wannan. Tsohon ya kafa sharaɗi: ba takarda, ba kwafi, ba abin da zai fita daga ɗakin sai an kammala, don rabin sanin ɗori gurgunta mutane yake yi. Kuma tunda akwai ayoyi a ciki, ya ce ba za a ajiye kwamfutar ƙasa-ƙasa ba, ba kuma za a bar ta tsirara ba. Aka ɗora akwatin a kan kabad, dab da kwanon rufi, aka lulluɓe shi da bargo ko ana aiki, aka jawo wayoyi zuwa tebur. Girmamawa ce tsantsa. Ita ce kuma ta dafa na'urar, bazara biyu cur.

Wata uku kafin wannan rana, ɓarin jikin Malam Attahiru na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, amma kalma ba ta fita. Abin da ke cikin akwatin nan shi ne muryarsa da ta rage.

Zulkifilu ya juya ga Sagir. "Kai kuma mi kay yi?"

"Wallahi alheri niy yi nuhi, Malam. Ta yi nauyi, tana tsayawa. Wani abokina can Sakkwato ya gwada min yadda aka raba hwaihwai biyu. Nic ce in raba, maganar Baba ta zamna gehe guda inda ba abin da ka taɓa ta."

A tunanin Sagir, raba faifan ajiyar kwamfuta, wanda masu sana'a ke kira had-dis, kamar gitta labule ne a ɗaki, kaya su koma gefe ɗaya da kansu. Bai san cewa abokin nasa a faifan da babu komai ya gwada masa ba. Ya goge rabon da ke akwai, ya ce a kafa sabo. Sai na'ura ta fara ƙirgen duba lafiyar faifai, ta kai talatin da takwas cikin ɗari, ta koma sifiri. Ta sake, ta koma. Sau bakwai yana gwadawa. Ya kira abokin ta wayar ofishin wani, abokin ya ce wannan ƙaramin abu ne, a wanke faifan tun daga tushe, zai karɓi rabo.

"To shi munka zo a yi," in ji Sagir, "don ta tashi."

Audu direba ya ce a lokacin ne ya ga Zulkifilu ya cire tabarau ya goge fuska da hannu biyu. Ya san abin da ya rage tsakanin mutanen nan da asara bai fi danna maɓalli ɗaya ba.

"Sagir, abokinka bai yi ƙarya ba. In anka wanke, wataƙila shi rabu. Amma ba harahi guda da za ya saura. Ƙin da hwaihwan ga yay yi maka, shi ac cetonku. Da ya yarda, da yanzu ta'aziyya mu kai."

Zaituna ta dafe ƙirji. "To suna nan, Malam? Rubutun na nan?"

"Iyakar gona anka tuge, ba a taɓa shuka ba. Haka ni ka zato. Amma ban yi miki alkawali ba, Malama. Sai na gani."

Bai fara da zargin faifan ba. Ya buɗe akwatin, ya tarar fankar ciki ta daskare da gashin bargo. Ya canza faffaɗar wayar da ke haɗa faifan da uwar na'ura, ko ita ce ta tsufa. Ya duba ɗan maƙalin da ke bayan faifan, ko an sa shi ba daidai ba. Ya gwada lambobin da ke rubuce a jikinsa da waɗanda na'urar ta haddace, suka yi daidai. Duk wanda ya duba ya samu lafiya, sai ransa ya ƙara ɓaci, don so yake laifin ya kasance na wani abu mai sauƙin sauyawa. A ƙarshe ya kunna, ya kara kunne. Faifan ya juya lami lafiya na ɗan lokaci, sannan ya ce ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake ƙas. Nan take ya zare wuta.

Faifan yana da rauni a jikinsa, kuma duk juyin da ya yi raunin faɗaɗa yake. Hanya ɗaya ce: a kwashe duk abin da ke kansa, gurbi bayan gurbi, a zuba a lafiyayyen faifai, a yi aikin gyara a kan kwafin. Kuma mai yiwuwa sau ɗaya zai jure. Matsalar ita ce a duk Jega ranar nan faifai ɗaya ne mai girman da zai ɗauka, wanda ke cikin kwamfutar Zulkifilu. A kansa ne kayan aikinsa suke, da bayanan da ya yi shekara shida yana tarawa na kowace cuta da maganinta. Kafin ya ɗauki na wani, sai an share shi tas. A aika Kaduna a nemo wani, mako guda ne, kuma Zaituna ta ce jikin tsohon kullum baya yake yi.

Ya zauna ya kwashe abin da 'yan ƙananan faya-fayansa na diskat goma sha ɗaya za su iya ɗauka. Ba su ɗauki ko rubu'i ba. Uwani ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi yana kallon allon kwamfuta, yatsa a kan maɓalli, bai danna ba.

"Malam, wahalarka ta shekara shida ta kau," ta ce a hankali.

"Ni ina da baki, Uwani. In na mance sai in sake koyo. Shi hwa?"

Ya danna.

Kwana uku aka yi ana kwashewa, daga hantsi zuwa la'asar, don ba ya yarda da wutar gari, janaretan wani mai walda ya aro, shi kuma sai da rana yake bayarwa. Faifan in ya yi zafi sai ya fara ƙas ɗin nan. Zulkifilu ya fito da shi waje da akwati, ya sa a leda, ya jingina shi da cikin randa inda sanyi ke tsattsafowa, ya ɗaure da tsumma. Masu wucewa suka ga randa da wayoyi suna fita daga gindinta, aka ce to yau kam bokancin ya tabbata. Bai ko ɗaga kai ba. Idonsa na kan lamba, kunnensa na kan janareta, don in ta yi tari sau ɗaya a tsakiyar aiki, ba wanda ya san ko faifan zai sake tashi.

Rana ta farko lambar ta yi tafiya har talatin da bakwai. A talatin da takwas ta tsaya. Ƙas. Ƙas. Sagir ya miƙe ya fita waje, aka ji shi yana ta salati a bakin ƙofa. Zulkifilu bai matsa wa wurin ba. Ya kashe, ya bar faifan ya huce, washegari ya tsallake raunin ya faro daga can ƙarshe yana dawowa baya, don a tsira da mai yawa kafin a koma wa mai wuya.

Zaituna kullum sai ta zo daga Aliero, kullum kuma da abin da ke ƙara masa nauyi. Ba su gaya wa tsohon ba. Amma duk safiya sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna saman kabad inda babu komai, ya dube ta. Ta ce masa an kai a share mata ƙura. Ranar farko ya yarda. Rana ta biyu ya kawar da kai ya ƙi shan kunu.

"Ya sani, Malam," ta ce, hawaye na zuba. "Wallahi ya sani. Ban iya shiga ɗakin ga da hannu wohi kuma."

Zulkifilu ya koma kan aikinsa. Uwani ta shaida cewa kwanakin nan uku loma biyu yake yi ya ture kwano.

Rana ta uku ya koma wa raunin, yana lallaɓa shi kaɗan-kaɗan, ya samu abin da ya samu, ya haƙura da 'yan gurabun da suka ƙi. Sannan ya cire majinyacin ya ajiye. Saura mayar da iyakar da Sagir ya goge, a kan kwafin. Da fensir ya yi lissafin a bayan wata tsohuwar kalanda, inda rabon ya fara da inda ya ƙare, ya sake lissafawa sau uku, ya shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya da yatsa ɗaya. Ya yi bisimilla ya kashe na'ura ya kunna. Allon ya yi baƙi na wani lokaci da Audu ya rantse ya kai tsawon huɗuba. Sai sunayen babi-babin littafin suka gangaro, fari a kan baƙi, arba'in da bakwai.

Zaituna ta yi wata ƙara, ta durƙushe a wurin. Zulkifilu ya tashi daga kujerar, ya juya ta ya ba allon baya.

"Malama, zo ki buɗe su ɗai-ɗai. Ni ba a ba ni izinin karantawa ba."

Haka ya zauna yana kallon titi, tana buɗewa tana cewa lafiya, lafiya. A na talatin da ɗaya ta yi shiru. Babin gocewar gwiwar hannu ne. Farkonsa na nan, ƙarshensa na nan, tsakiyarsa kusan shafi biyu ya koma tarkacen alamomi marasa ma'ana. Daidai inda ake bayanin yadda ake riƙewa da yadda ake mayarwa. Ta yi ta ƙoƙarin tunowa, amma an fi shekara da bugawa, kuma ba abin da ake cikewa da zato ba ne.

Da kansa ya kai kwamfutar Aliero washegari da safe. Ya ɗora ta a kan tebur kusa da taga, ya naɗe bargon ya miƙa wa Sagir, sannan ya durƙusa gaban gadon tsohon ya gaya masa gaskiya duka, bai rage ba.

"Baba Malam, maganarka ta dawo, sai wuri guda. Kuma ka gahwarce ni, ƙarhe na. Zahi na kashe shi, kuma ko ba zahi wata rana mutuwa shikai. In ba a yi wa maganarka 'yan'uwa a takarda ba, za a sake wagga rana."

Malam Attahiru ya daɗe yana kallonsa. Zaituna ta fara karanta babin da ƙarfi, har ta iso inda ya yanke, ta tsaya. Tsohon ya buɗe baki. Leɓɓansa suka yi ta motsi, jijiyar wuya ta tashi, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Ba wanda ya iya kallon wani a ɗakin.

Sai hannun hagun nan ya miƙo ya cafki hannun Zulkifilu, don shi ne mafi kusa. Ya ja shi, ya lalubo gwiwar, ya dasa babban yatsa. Zulkifilu ya gane kafin kowa.

"Malama, zamna ki buga. Babban yatsa na bayan ƙashin da yat tsaya tsini. Sauran huɗu sun zagayo ta ciki." Tsohon ya gyaɗa kai. "Yanzu shina ja ƙasa." Aka matse shi har ya ce wash. "A'a, ba ƙasa ba. Wajen shi shika ja, sannu, hannun na lanƙwashe." Aka gyaɗa kai.

Mutumin da ya saba faɗin ainihin inda waya ta tsinke, shi ya zama bakin maɗori a ranar. Inda aikin ke son hannu biyu, Sagir ya ba da nasa, uban yana gyara masa riƙo. In an yi kuskure a matse, in an dace a gyaɗa. Zaituna tana bugawa tana karantowa, ana sake gyarawa. Suka tashi suka yi azahar suka dawo. Kafin la'asar shafi biyun sun cika, hannun Zulkifilu ya kumbura ya yi sawun yatsu. Da aka karanta babin daga farko har ƙarshe, tsohon ya lumshe ido, sannan ya ɗaga yatsu uku ya nuna kwamfutar. A makon aka buga kwafi uku a takarda. Tsohon ya rasu bayan an yi girbin gero.

Lafiyayyen faifan ya zauna a Aliero. Zulkifilu ya roƙi mai raunin, Zaituna ta tsaya a kansa aka wanke shi, sannan ya raba shi biyu ya bar wurin ciwon a tsakiya ba kowa. Da wannan gurgun faifai ya sake tara iliminsa daga farko, ya yi shekara huɗu yana aiki da shi, kullum da fargaba.

Malam Zulkifilu, kai ne ka ji ƙas ka zare wuta a lokacin da wani zai ce a ƙara gwadawa. Kai ne ka share naka don na wani ya zauna, ba tare da ka tara mutane su gani ba. Mai kunnen Jega Firchin, mun gode. Iyalan Malam Attahiru sun gode, da duk wanda aka mayar wa gwiwa a gidan nan tun daga ranar, ko da bai taɓa jin sunanka ba. Allah ya ba idonka sauƙi, ya sa hutun nan ya zama mai albarka, ya saka wa Uwani da ta jure.

Ku kuma matasan da kuka cika bakin tasha da shagunan gyaran waya da kwamfuta, na ga hannunku yana da sauri, kuma ina jin tsoron saurin. Kalmar "sai an wanke" ta yi muku sauƙi a baki. Kafin ku danna, ku dubi fuskar wanda ya kawo, ku tambaye shi, ku gwada hanya mai wuya tukuna. Ku je ku gaishe da dattijon nan tun ƙofarsa na buɗe, ku zauna ku ga yadda yake yi.

Na je masa sallama shekaranjiya, na same shi yana zuba kusoshi a gwangwani. Na ce, tunda shi ya ceto littafin Malam Attahiru, ai ya zama rabin maɗori, ya ɗan gutsura mini abin da ke ciki. Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga, ya shafa gwiwar hannunsa ta dama.

"Babi arba'in da bakwai na, ban karanta ko layi guda ba," ya ce. "Shahi biyu kaɗai nis sani, su ma wagga ta ta hardace su, ba ni ba."